Malam Uwaisu, Wanda Ya Dawo Mana da Tarwaɗa

Da an idar da sallar Asuba, Malam Uwaisu zai ɗauki gorarsa ta shiga ruwa ya nufi tafkin garinmu, a yankin Buji. Ba kamun kifi yake zuwa yi ba. Turakun da ya kafa a gabashin tafkin yake bi ɗaya bayan ɗaya, ya miƙar da wanda ya karkace, ya duba ko wani ya jefa taru a ciki. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

A da tafkin nan ya kusa mutuwa. Masunta sun koma yin su da gidan sauro, suna kwashe har 'ya'yan kifi. Sai mutum ya wuni a ruwa bai cika kwano ba. A rediyo Malam Uwaisu ya ji ana keɓe wani yanki na teku a hana kamu a ciki, kifi ya hayayyafa har ya bazu waje. Ya tara masunta ya ce a bar wa kifi kusurwar gabas, inda ciyawa take.

Zainulabidin, wanda ya fi kowa yawan taru, ya miƙe. "Baba Uwaisu, can ne kaɗai kifi ya rage. Me za mu ci?"

"Ni zan fara rataye tarun nawa," in ji Malam Uwaisu. "Ku ba ni damina biyu. In ba ku ga canji ba, da hannuna zan tuge turakun."

Daminar farko shiru. Wasu ko gaisuwarsa suka daina amsawa. A ƙarshen ta biyu, Zainulabidin ya jefa taru can nesa da turakun, sai ga tarwaɗa tsawon hannu! Ya shigo gari a guje, jiƙe sharkaf, yana ihu: "Ina Baba? Ku kira min Baba!" Wallahi ranar har guɗa aka yi. Yau karfasa ma ta dawo, mutanen Garki suna zuwa tambayar yadda aka yi.

Malam Uwaisu, kai ne ka fara haƙura da abincin gidanka don gari ya ci. Kai ne aka juya wa baya ba ka yi fushi ba. Yanzu da gwiwa ta fara gardama, mun gode, Baba. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya.

Duk garin da ke da tafki, ku keɓe wa kifi kusurwarsa. Masu shakka kuma su zo da yunwarsu, akwai mai isar baƙi.