Malama Fumie da yarinyar bakin teku

Nagatomo Fumie a bakin teku aka haife ta, 'yar masunci ce, amma tun shekarar da ruwa ya taso bayan girgizar ƙasa ya tafi da yayarta, ta tattara ta koma wani gari can cikin duwatsu. Aikin makaranta ma ta ajiye shi, don ko taga iska ta buga sai gabanta ya faɗi a gaban yara. Sai ta mai da ƙaramin ɗakinta aji, tana koyar da lissafi ta intanet. Da yamma 'yan makaranta take ɗauka, su shigo da surutunsu suna tauna shinkafar da aka dunƙula musu. Da hantsi kuwa sai yaran da ke karatu a gida, ɗaya bayan ɗaya.

Cikin na hantsin akwai Kanae, yarinya 'yar firamare wadda 'yan ajinsu suka tasa a gaba da tsangwama har ta ƙi makaranta. Daga ƙin makaranta abin ya kai ko ƙofar gida ba ta iya leƙawa. Uwarta tana aiki a kamfanin gyaran kifi, ubanta yana aikin jirgin ruwa, ita kaɗai ke wuni. Da farko ko fuskarta ba ta nunawa, sai hannu da takarda. Fumie ba ta taɓa matsa mata ba. Da ta ji sunan garinsu dai, ta san gidan yana kusa da ruwa, ta haɗiye maganar.

Wata Talata suna cikin darasin rabawa, sai hoton Kanae a kwamfuta ya fara rawa. Fitilar ɗakin Kanae tana lilo, littattafai suna zubowa daga kanta, a ɗakin Fumie kuwa ko shayinta bai motsa ba. Ta ce wa yarinyar ta shiga ƙarƙashin tebur ta riƙe ƙafarsa. Girgizar ta daɗe. Da ta lafa, sai Fumie ta jiyo jiniyar garin ta cikin kwamfuta, da muryar lasifika tana cewa kowa ya hau tudu. Wannan kukan ta san shi.

Ta kira wayar uwar, ba ta shiga. Ta sake kira, shiru.

"Kanae, ɗauki wayarki, ki sa takalmi. Za ki fita."

"Malama, ba zan iya ba. Akwai mutane a waje."

"Na sani, 'yata. Yau babu mai kallonki, kowa ta kansa yake yi."

Yarinyar ta ce za ta jira mamanta, ai maman ta san tana cikin gida. Fumie ta tuna cewa jiran wani ne ya tsayar da yayarta, amma ba ta faɗa ba. Ta yi magana kamar suna cikin darasi. Ta ce mama tana can tana hawa nata tudun, kuma abin da take roƙo kawai shi ne kada 'yarta ta tsaya. Ta tambaye ta ko ta san wurin ibadar da ke saman unguwarsu. Kanae ta ce ta sani. Fumie ta ce to ta mai da darasin kan waya, ta zuba mata ido ita kaɗai, za su tafi tare.

Sai ga ƙofa ta buɗe, haske ya cika hoton. Fumie tana ganin kwalta, da ƙafafun mutane, da sararin sama yana juyawa, tana jin haki da kuka. Tana ta cewa kada ta waiwaya, ta ci gaba. Wata tsohuwa ta kira sunan yarinyar. Daga nan hoton ya tsaya cik, layin ya yanke.

Fumie ta zauna a gaban baƙin gilashin kwamfuta. Ta kunna talabijin, ta ga ruwa yana cika tashar jiragen ruwan garin, ta kashe. Tunani ɗaya ke cinta: gidan bene ne, wataƙila da ta bar ta a sama da ta tsira, ita ce ta tura ta kan titi. Da 'yan makaranta suka shigo da yamma, ta kasa haɗa lissafin da take yi ido rufe, ta sallame su.

Rana na gab da faɗuwa uwar ta kira, muryarta a dishe. Ta ce Kanae tana can kan tudu lafiya, tsohuwar nan maƙwabciyarsu ce ta riƙe mata hannu suka hau matattakala tare. Ruwan ya shiga ƙasan gidan har ƙugu, bai kai bene ba. Fumie ta yi ta godiya, ta rasa wa take gode wa.

Iyalin suka koma gidan dangi har aka gyara nasu. Kanae ba ta koma makaranta ba, amma takan raka tsohuwar nan zuwa kanti, ta riƙe mata jaka. Fumie tana nan tana koyarwa, gashinta ya ƙara fari. Duk iyayen da suka kawo mata yaro, kafin a yi maganar lissafi sai ta tambayi inda gidansu yake, da wanda ke kusa idan ba sa nan.