Littafin da Kaka ta ƙunshe daddawa da shi

Wata Asabar ce a watan Oktoba, ina aji huɗu na firamare, muka dawo daga cirar gyaɗa da hantsi, ƙafafuna duk taɓo, na shiga gidanmu a Nassarawo na hango bangon littafin a kife bisa turmi. Na jefar da kwandon gyaɗar na ɗaga shi, wayam, rabin shafukan babu. Littafin kuwa ba nawa ba ne, na ajinmu ne kaf, guda ɗaya tak. Malama Naomi takan ba mutum ɗaya ranar Juma'a ya dawo da shi Litinin, kuma ta riga ta ja mana kunne cewa ranar da aka lalata shi, aro ya ƙare ga kowa. Sati takwas na yi ina jiran layina.

Labarin wata yarinya ne mai saurin fushi, an zana tukunya a cikinta tana tafasa, a kowane shafi tana koyon yadda za ta sauke ta kafin ta ƙona wani. Da Malama ta miƙo mini, 'yan aji suka kwashe da dariya, don kowa ya san zuciyata a kusa take. Ni ce mai fasa wasan 'yar gala-gala in an ci ni, ni ce mai faɗa a layin rijiya. Ranar Juma'ar nan ban iya zama ba, na karanta a tsaye, na karanta ina korar awaki daga shanyar dawa, na bar shi a kan taga da niyyar ƙarasawa in mun dawo gona.

Ashe Kaka ce, mahaifiyar babana, wadda ke tallar daddawa gida-gida. Takardar ƙunshinta ta ƙare, ta ga takarda mai kauri a taga, ta yage abinta. Ita da ba ta taɓa shiga aji ba, duk takardar boko a wurinta ta ƙunshi ce. Tana shigowa da fanteka a kai na tare ta a tsakar gida. Kai, ranar na tafasa! Na yi ihu, na yi birgima, har na ce mata jahila, wadda ba ta san komai ba sai warin daddawa. Mama ta fito da muciya za ta make ni, Kaka ta riƙe hannunta. Ta dube ni kawai ta ce, "Saratu, takardun guda nawa ne?" Ta ajiye fanteka ta juya ta fita.

Yinin nan ban zauna ba. In leƙa ƙofar gida, in koma in tsinki gyaɗa biyu, in sake leƙawa. Hadari ya haɗo ta wajen duwatsu, aka yi ruwa aka ɗauke, ba Kaka. Sai da la'asar ta shigo, zaninta sharkaf, ta kwance haɓarsa ta fito da shafuka goma sha ɗaya. Gida-gida ta bi, duk inda ta sayar, tana roƙon mata su juye daddawarsu a kwano su ba ta takardar, har da wadda ta ciro daga bakin murhu. Ta shanya su a kan tabarma ta danne da duwatsu, washegari bayan coci ta ɗinke su da allura da baƙin zare.

Litinin na kai littafin yana wari, da tabon mai a fuskar yarinyar. Malama ta juya shi, ta shinshina, ta tambaye ni, na faɗa mata komai ban da abin da na ce wa Kaka. Ta ce Juma'a za ta miƙa wa mai bi mini a layi, aro bai ƙare ba. Na dawo gida da gudu da niyyar ba Kaka haƙuri, na same ta tana tankaɗe, kunya ta kama ni, na ce gobe. Mama takan ce, "Magana zarar bunu ce," ni kuwa gobe ta yi ta zama gobe har Kaka ta rasu ina aji shida.

Yanzu 'yata tana da irin waɗannan littattafai fal ɗakinta, masu sheƙi, ba layi ba aro. Jiya ta yi fushi ta ture ƙaninta, muka karanta ɗaya tare, ta rufe ta je ta ce masa ya yi haƙuri, nan take, ko minti biyar ba a yi ba. Na bi ta da kallo, na kasa tashi daga inda nake. Ni tawa kalmar har yau tana bakina, ba wadda zan faɗa wa.