Ranar da Latsau Ya Sa Hannu a Aljihu

Ɗan ƙanwata bai taɓa ganin maɓalli ya wuce shi ba. Tun yana rarrafe, in an ajiye rediyo a ƙasa, kafin a juyo ta koma magana da wani yare. Ba ɓarna yake so ba, shi dai yana son ya san abin da zai faru in an danna abu sau biyu, ko a danna biyu a tare, ko a danna a riƙe. Kakarsa ce ta sa masa Latsau, sunan kuma ya bi shi har gidan aurensa.

Da ya gama karatun kwamfuta sai muka ji wai akwai sana'ar da ake biyan mutum don wannan hali. Wasu su rubuta manhaja, irin wadda ake sawa a waya, shi kuma a ba shi ya yi ta tsokanarta har ta faɗi, don a gyara kafin ta kai hannun jama'a. Uwarsa ta ce ashe duk dukan da ta yi masa a kan rediyo, sana'a take hana shi koyo.

Ya yi 'yan shekaru a wani ƙaramin kamfani, yana lalata musu kaya suna godiya. Sai kamfanin ya rufe. Ya rantse mini ba shi ya danna ba.

Daga nan aka shiga neman aiki. Ya kan zauna a falo, kwamfuta a cinya, yana aika takardunsa ko'ina. Yawanci na'ura ce ke ba shi amsa, cikin ladabi, cewa sun yaba da shi ƙwarai amma sun ɗauki wani. In kuwa aka kira shi ganawa, nan ne gizo ke saƙa. Latsau ba ya zuwa hannu rabbana. Kafin ranar ya bi manhajar kamfanin lungu-lungu, yana zama kuma sai ya fara zazzage musu aibunta tun ba a gama gaisawa ba. Wani manaja ya tambaye shi me ya sa yake son aiki da su, sai ya nuna masa yadda ya yi rajista a shafinsu da ranar haihuwar da ba ta zo ba tukuna, shafin kuma ya yi masa maraba. Ashe manajan ne da kansa ya rubuta wannan ɓangaren. Ba su kira ba.

Matarsa malamar makaranta ce, mai haƙuri, amma haƙuri ma yana da iyaka. Da zaman ya yi tsawo, uwarsa ta tara mu ta yanke hukunci. Akwai ganawa ɗaya da ta rage, a wani kamfani mai kyau. In ta yi, madalla. In ba ta yi ba, ya naɗe kwamfutarsa ya koma shagon kawunsa ya kama aiki.

Kawun ni ne. Kayan lantarki nake sayarwa: makunnai, ƙwayayen fitila, fanka, wayoyi. Latsau ya taɓa tsare mini shagon na yini guda lokacin da na je asibiti. Ba zan ce komai a kan wannan yini ba, sai dai har yau akwai kwali a ƙarƙashin kantar shagon wanda ba na buɗewa. Da ƙanwata ta dube ni tana jiran godiya, na ce Allah ya zaɓa mana mafi alheri, na kuma faɗe shi da zuciya ɗaya.

Shi kuwa ya sunkuyar da kai. Na san ba raina shagon ya yi ba. Abu ɗaya ya iya a duniya, ana shirin karɓe masa.

Malama ta ɗauki gyaransa a hannunta. Ta zaunar da shi kamar ɗan aji ɗaya, ta ce mutane ba sa son baƙon da zai shigo gidansu ya fara ƙirga tsagar bango. Ya yabi abin da ya gani, ya amsa abin da aka tambaye shi, ya tsaya nan. Da safen ranar ta gyara masa wuyan riga, ta kama hannayensa biyu ta cusa a aljihun wandonsa.

“Nan za su zauna har ka dawo,” in ji ta. “Kawu, don Allah ka raka shi, ka sa masa ido.”

Na ce to. Dama na riga na rufe shago.

Ofishin yana hawa na sama, ko'ina gilashi, har ɗakin ganawar ana hango cikinsa daga wurin zaman baƙi. A bakin ƙofa akwai wani allo da baƙo ke rubuta sunansa, ya danna, wata 'yar na'ura ta tofo masa takarda mai gam ya manna a ƙirji, sannan ƙofa ta buɗe. Latsau ya zaro yatsa ɗaya, ya rubuta sunansa daidai, ya danna sau ɗaya, ya mayar da yatsan. Allon ya ce masa barka da yamma, alhali ko hantsi bai yi ba. Na ga ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa. Sakatariyar da ke zaune gefe ta zuba masa ido kamar mai jiran wani abu. Ya haɗiye gyaran, ya ce mata wurin nan ya yi kyau.

Shugabar sashen, wata mace mai farin tabarau, ta shigar da shi. Ina hangensu. Daga baya ya ba ni labarin abin da aka faɗa. Ta tambaye shi ko ya lura da wani abu tun shigowarsa, ya ce sanyin na'urar sanyaya ɗakinsu daidai yake. Ta tura masa waya da manhajarsu a buɗe, ta ce ya ɗan duba. Ya leƙa daga nesa, hannu a aljihu, ya ce launin ya burge shi. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake duban takardunsa kamar tana zargin an musanya mata mutum. Ba a jima ba ta miƙe, ta ce za su neme shi.

Ni ɗan kasuwa ne. Na san fuskar wanda ya ce zai zagayo ya dawo.

Muka nufi ƙofa. Kafin a fita ma sai an danna allon. Na tsaya a gabansa ina gyara hula, ina tuna kwalin nan na ƙarƙashin kanta, da sabbin makunnan da aka kawo mini.

“Ɗana,” na ce, “wai in mutum ya danna shiga da fita a tare, me zai faru?”

“Kawu, Malama ta hana.”

“Ai ban ce ka danna ba. Tambaya na yi, irin ta jahili.”

Ya dubi allon, ya dube ni. Ya ce ai aikin ma ya riga ya tafi. Sai ga hannaye biyu sun fito.

Allon ya yi fari fat. Ƙofa ta yi ƙarar kulle kanta. 'Yar na'urar ta shiga tofo takardu ba tsayawa, duka da sunansa, suna zuba a ƙasa. Wani ma'aikaci da ya taho da sauri zai fita ya tura ƙofa ta ƙi. Maigadi daga waje ya ja ta ƙi. Shugabar ta fito tana tambayar wa ya taɓa.

Latsau ya ce shi ne. Da yake bakin ya riga ya buɗe, sai sauran ya biyo. Ya ce allon nan bai san safe da yamma ba. Ya ce manhajar da ta nuna masa, in aka juya waya ana tsakiyar biya, sai ta caji mutum sau biyu, ya gwada tun a gida. Ya ce akwai wasu, amma ba ya son ya ɓata mata rai.

Ta ce gaisuwar yamman su suka sa ta da gangan, don su ga mai neman aikin da zai yi magana. Na ƙofar kuwa ba wanda ya san da shi. Ta ja kujera ta ce ya zauna ya ɓata mata ran, tunda dai ba mai fita sai mai gyara ya zo.

Mai gyaran bai zo da wuri ba. Sakatariya ta kawo mini ruwa, na zauna ina kallon ɗan ƙanwata yana latse-latse, mutane uku sun kewaye shi suna rubutawa. Sau ɗaya kawai na ga shugabar ta riƙe masa hannu, lokacin da ya hango jan maɓallin gobara a bango.

Da muka koma gida da albishirin an ɗauke shi aiki, Malama ta tare mu a ƙofa, ta tambaye ni ko hannun ya zauna inda ta ajiye shi. Na ce a iya ganawar dai, ko motsi bai yi ba. Ta ce ka gani, dama abin da ya rage masa ke nan. Ban ga dalilin tsawaita magana ba.

Yana kamfanin har yanzu. An ba shi tebur a can ƙurya, nesa da ƙofa. Ƙanwata kuwa, duk zuwan da za ta yi shago sai ta jajanta mini, wai ga ni tsofai-tsofai ina hawa tsani ni kaɗai, an ɗauke mini mataimaki. Ni kan ce mata haka Allah ya so, sai haƙuri.