Wa Zai Ɗauki Makarar Gwaggo?

Ni dai tun ina ƙarama ban iya ganin abu in yi shiru ba, shi ya sa ni na fara lura Gwaggo ta daina cin tuwo. Yayar babana ce, tare muke sayar da doya a Salaga, lokacin ina goyon fari. Mace ce cikakkiya, masha Allah, in ta zauna a benci to bencin ya zama nata. Kuma abin bai taɓa damun ta ba. In yaron mota ya fara gunaguni takan ce, "Ɗan nan, abincin gidanku na ci?"

Sai ga Gwaggo tana turo min kwanonta. Koko da safe, ruwan shayi da yamma, shi ke nan. Na tambaye ta ko ciwon ciki ne, ta ce a'a. Ko likitan da ta gani a Yendi ne ya hana ta wani abu? Ta ce in bar ta ta sha iska. Zaninta ya fara yi mata yawa, ranar kasuwa kuma na ga ta dafa bango saboda jiri.

Ina zan bar ta, ni da naci kamar ƙuda. Muna jiran jirgin ruwan Yeji a gaɓar Makango ta gaji ta faɗa min. Taubashinta ne, wani mai kawo albasa daga Bawku. A wajen zaman makoki, gaban mutane, ya ce mata, "Ke kam ranar da kika mutu sai an nemo tarakta. Wa zai iya makararki?" Aka yi dariya, ita ma ta yi.

Na ce, "Gwaggo, ai kullum haka kuke."

"Haka muke," in ji ta. "Tun muna yara yake ce min rumbu, nake ce masa tsinken tsire. Wannan ce ta shige ni. Ba ni da ɗa namiji, 'ya'yan mutane ne za su ɗauke ni. Ba na so su yi ta nishi a hanya, wasu na ƙunshe dariya, ni kuma ba bakin ramawa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, ba a fushi da taubashi. To idan wasa ya yi wa mutum rauni, wa ake kai wa ƙara? Na tambayi babana, ya ce wasa ne. Na tambayi innata, ta ce in kama bakina.

Ban kama ba. Da mutumin ya dawo da albasarsa na same shi a tasha, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ka san Gwaggo ta bar cin abinci saboda makarar da ka ambata?" Ya fashe da dariya, sai ya ga ban taya shi ba. Ya ce, "Ita? Wadda ke cin mutuncina tun ba a haife ki ba?"

Da la'asar ya zo gida da ƙunshin tsire. Haƙuri dai bai bayar ba, ina jin bakinsa bai saba ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ita yana ta zancen tsadar mota, har ta miƙa hannu ta ɗauki yanka ɗaya. Daga ranar ban sake jin ya taɓo zancen jikinta da wasa ba, ya koma tsokanar rowarta. Ta koma cin tuwo, jikinta ya dawo. Sai dai duk lokacin da aka wuce da gawa ta ƙofar gidanmu, nakan ga ta leƙa tana kallon kafaɗun masu ɗauka.

Ta rasu bayan wasu shekaru, da damina. Mata ba ma raka gawa, don haka a zaure na tsaya har masu ɗauka suka sha kwana. Ina kuka, amma tambayar na cina. Da ƙanena ya dawo daga maƙabarta, ƙafafunsa duk laka, na ja shi gefe.

"Ta yi nauyi?"

Ya dube ni kamar na zautu.

"Yaya, ina zan sani? Mutane sun yi yawa, kowa na son ya samu ladan. Ina sa kafaɗa aka karɓe, ban ji komai ba."