Inuwar Azahar

A unguwar Jarwal ta Makka muke zaune lokacin, can bayan dutse, inda kiran sallar Harami ba ya iso mu. Mijina ne ladanin ɗan masallacinmu na Hausawa. Babu mai agogo a cikinmu. Da inuwa yake sanin lokaci: ya tsaya a rana, ya auna tsawonta da tafin ƙafa.

Sai yanar ido ta kama shi. Ya ɓoye, don in aka sani za a karɓe kiran, shi kuwa ba shi da komai a duniya sai kiran nan. Na gane ne ranar da ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya damƙo iska.

"Malam, sai yaushe za ka faɗa mini?"

"Ke dai ba a ɓoye miki abu. Zo in koya miki."

Shekara uku ina awo a bayan ɗaki. Inuwa na gama tsukewa ta juya gabas, sai in buga turmi sau biyu, ya lalubi bango ya fita kiran Azahar. Ko sau ɗaya ban kuskure ba.

Wata rana na tambaye shi me ya sa Larabawan kasuwa ba sa ce masa ladan. Ya ce ai kalmar tasu ce, kakanninmu suka ɗauka suka lanƙwasa ta daidai harshensu. Asalinta sanarwa, a gaya wa mutane lokaci ya yi. "Kin ga ke ce mai sanarwar. Ni maƙogwaro ne kawai."

Na ce ya bar wannan magana ya ci tuwonsa.

Maƙwabciyarmu ce ta hango ni daga wajen shanya ina ƙirga taku. Kafin Juma'a liman ya zo da dattawa biyu. Ina jin su ta bayan labule. Suka ce ba makantar ba ce, amma sallar unguwa ba za ta rataya a ƙafar mace ba. Aka ba da kiran ga wani tela da ya sayi agogon aljihu. Malam bai yi musu ba, har rakiya ya yi musu.

Washegari da rana ya ce, "Ta juya?"

Na fita na auna, na buga turmi. Ya tashi ya fuskanci alƙibla, ya yi kiransa a hankali cikin ɗaki, ni kaɗai ke amsawa. Haka muka yi wata bakwai, har ya rasu.

Telan yakan makara. Ina sani, ban taɓa gaya wa kowa ba.