Rantsuwar da Na Yi Kan Cikin Mai Nono

Shekara huɗu tana kawo mini nono gidanmu na Jega daga rugarsu ta wajen Mungadi. Ina ce mata 'yar Fillo, tana ce mini uwar ɗaki. Kullum cikin gyara mata Hausa nake, ita kuwa sai ta ce tuwona ya fi Hausata daɗi.

Ranar da nake faɗi, da hantsi, ta sauke ƙwarya a tsakar gida ta zauna dirshan a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ga zanenta ya jiƙe da jini ta baya. Na san tana da ciki wata uku. Maigidana ya tafi Aliero ɗaukar albasa, nata mijin yana daji da shanu. Na zura hijabi a baibai, na tare keke napep, muka nufi wani ƙaramin asibitin kuɗi.

Malamar jinya ta tambaye ta abin da ya same ta. Ta ce, "Na zubar da ciki."

Malamar ta ajiye biro. "Ke kika zubar?"

"Awo, na zubar. Tun jiya."

"Ba mu taɓa irin wannan a nan. Gobe a turo mana 'yan sanda, a ce mu muka yi. Ku wuce babban asibiti."

Na dubi bencin da 'yar Fillo take zaune, jini har ya fara ɗiga ƙasa. Leɓenta ya yi fari. Anya za ta kai ko bakin titi?

Na ce, "Malama, Bafillata ce! Ko nono ya kife mata, cewa take na zubar. Ɓari take nufi."

"Hajiya, kina wurin?"

Ba na wurin. Kuma Allah ya sani, lokacin da kalmar ta fito bakinta ni ma sai da na zarge ta. Na tuna 'ya'yanta shida, na tuna ranar da ta ce mini ta gaji, jikinta ya ƙare. Ban san komai ba. Amma na ji bakina yana cewa, "Wallahi tallahi ɓari ne. In akwai alhaki, bisa kaina."

Sai malamar ta ƙwala wa likita kira. Aka yi mata wankin ciki, aka ɗaura mata ruwa. Ni ina waje, na zauna, na tashi, na ja carbi na rasa inda na tsaya. Daga baya likitan ya ce babu dokar da ta hana a taimaki mace mai zubar jini, ko mene ne sanadi. To me ya sa sai da na rantse?

Na yi azumi uku ban gaya wa kowa dalili ba. Ban tambayi malami ba, ina tsoron amsarsa.

Bayan wata biyu sai ga sallamarta, ta rame, ƙwarya a ka. Tana auna mini nono ta ce, "Uwar ɗaki, ranar nan da na zubar..."

Na ce, "Ya zube, 'yar Fillo. Ya zube ake cewa."

Ta ɗago ta dube ni, kamar za ta ƙara magana. Na yi sauri na miƙa mata kwano na ce ta cika shi, yara na jira.