Rijiyar da Ba Ta Ci Sunan Kowa Ba

Kakarmu Iya Hannatu ba ta ɓarnar tatsuniya. In ta hura wutar kara a tsakar gida bayan tuwo, to akwai wanda za ta yi wa wankin babban bargo. Muna cikin tsirarun gidajen Kirista a wani ƙauye kusa da Urafane. Majami'armu rumfar zana ce, ba fasto, sai wani babba ya tsaya gaba ya ja addu'a. A kan wannan tsayuwa Baba da ƙanensa, Baba Iliya, suka kaure da faɗa wata Lahadi, har Baba ya fasa masa goshi da ƙotar hauya. Na ga jinin ya jiƙa farar rigarsa, na ji tsoron ubana ƙwarai.

Da maraice Iya ta tara mu. Ba ta jira mun ce ta zo mu ji ta ba, ta ɗaga murya yadda kowane ɗaki zai ji.

Ta ce an yi wani wa da ƙanensa, mahaƙa rijiya. Ɗaya na ciki yana haƙa, ɗaya na sama yana jan igiya, in an gaji a yi canji. A garinsu kuwa, wanda ya fara taɓa ruwa, sunansa rijiya ke ci. Rannan ƙanen ya ji yashi ya yi danshi, ya yi kira da murna. Wan ya ce ya fito ya ba shi wuri, ƙanen ya ƙi. Sai wan ya daidaita gugan duwatsun da ya jawo da kan ɗan'uwansa, ya saki. Iya ta doka tafinta a ƙasa har muka zabura. Ta ce kan ya fashe kamar duma. Wan ya ɗaura igiya a gungume ya sauka, ya ture gawar da ƙafa, ya kai sara, ruwa ya ɓulɓulo ja wur. Ashe garin sauri bai ƙulla igiyar da kyau ba, ta kwance ta faɗo masa. Ruwa na hawa daga gwiwa zuwa ƙirji, shi kuwa yana ta kiran ƙanensa, don bakinsa bai saba kiran kowa ba.

Yayata ta ce aljanin rijiya ne ya shige shi. Iya ta harare ta.

"Ke, rabu da aljani, bai ci ba bai sha ba. Yaƙin nan cikin ƙirjinai ya hwara, tun bai taɓa dutsi ba. Son kai ya kashe su. Yesu zuciya shike dubi kahin hannu."

Muka ji tari daga ɗakin Baba, amma bai fito ba. Kafin girbi Baba Iliya ya kwashe iyalinsa ya koma Tasawa. Can ya rasu, ba su sake gaisawa da Baba ba.

Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin na mugu da salihi. Sai da na girma na lura ƙanen ma ya ƙi fitowa, abin da ke cin wan shi ke cinsa. Iya ba ta goyi bayan kowa ba, 'ya'yanta biyu take neman fitarwa daga rami.

Bara na je gida ran Lahadi. Baba ya tsufa, mantuwa ta kama shi, amma tsayuwar gaba tasa ce, ba mai ja da shi. Tabarmi rabi babu kowa. Da ya gama addu'a sai ya waiga hagu ya ce, "Iliya, ba da waƙa." Muka sunkuyar da kai, shi kuwa ya tsaya yana jira.